Bijimi ya taka farantin sola, batirin firji ya sauka: yaya zan caja shi da mota a daji?

Malam Ɗanjuma:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, ina rubuto muku ne daga kan wani tudu a ƙasar Mayo Rai ta arewacin Kamaru, can gaba da Collire, domin nan ne kaɗai wayata take kama layi, kuma ina roƙon waɗanda suka san sha'anin batir su taimake ni da shawara kafin rana ta take. Yau kwanana huɗu da barin Garwa ɗauke da allurar rigakafin shanu, ta ciwon huhu da ta harbin daji, ina bin rugage ɗaya bayan ɗaya. Allurar tana cikin ɗan ƙaramin firji mai aiki da bolt 12, shi kuma yana shan wuta daga wani batir na daban, na jel (irin wanda ruwan cikinsa yake da kauri, ba ya zuba), mai ampiya-awa 100, wato yawan wutar da yake iya riƙewa, wanda na ɗaure a bayan mota, farantin sola mai wat 100 ne ke ciyar da shi. Jiya da hantsi na sauke farantin na jingina shi da wani kututture don ya fuskanci rana sosai, ina can ina fama da wata saniya da ta ƙi tsayawa, sai wani bijimi ya bi ta kansa. Gilashin ya yi raga-raga, ko da na sa mita babu abin da yake fitarwa. Da asubar yau na tarar firji ya kashe kansa, batir kuma yana nuna bolt 11.6.

Ba zan ɓoye muku kuskuren da na riga na tafka ba. Na tayar da mota, na ja siririyar wayar fitila daga ramin kunna taba zuwa batirin, ko minti biyu ba a yi ba wayar ta yi zafi, fis ya ƙone. Abin da ke hannuna yanzu shi ne Hilux tsohuwa mai shan gazuwal, tanki ya ɗan wuce rabi, da jarka ɗaya ta lita 20, da wayoyin tayar da mota, da mita. Saura rugage shida, aikin kwana uku ke nan. Shin motar za ta iya riƙe mini firjin nan har in gama, ko in haƙura in juya?

Baba Usmanu:
Wa alaikumus salam. Ɗanjuma, Allah ya tsare gaba, ya mayar maka da alheri. Motarka za ta iya, amma kafin mu shiga maganar caji ka riƙe abu ɗaya: batirin da ke tayar da motar nan shi ne hanyarka ta komawa gida, kada garin neman gira a rasa ido. Kada ka jona batiran biyu alhali inji yana kashe, ko da na ɗan lokaci ne, domin mai ƙarfin zai riƙa zuba wa mai yunwar har su kusa daidaita, ka wayi gari da batir biyu waɗanda babu mai iya murza inji a cikinsu. Hilux mai gazuwal kuwa ba abar turi ba ce a cikin rairayi, ko da dukan samarin rugar za su taru.

Ga yadda za ka yi. Ka kwance batirin jel ɗin daga bayan mota, ka kawo shi gaba ka ajiye a ƙasa kusa da taya, a kan katako ko buhu, inda wayoyin za su kai ba tare da an ja su ba. Ka sa giya a firi, ka ja hanbirki, ka tayar da mota, ka bar ta ta yi kamar minti biyar ta mayar wa nata batirin abin da ta ci wajen tashi. Daga nan ka maƙala jar waya a kan batirin jel mai alamar ƙari, ɗaya bakin a kan batirin mota mai alamar ƙari. Baƙar waya kuma ka fara da kan batirin jel mai alamar ragi, bakin ƙarshe ka maƙala shi a jikin ƙarfen inji mai tsabta, nesa da batir, domin a wannan jonin na ƙarshe ne tartsatsi ke fita, batir mai ruwa kuma yana fitar da wata iska mai kama wuta. Idan za ka cire, ka fara da wanda ka sa a ƙarshe. Ka kiyaye kada bakin ja da na baƙi su taɓa juna, kuma ka duba alamun da idonka sau biyu, kada ka dogara da launin murfi.

Sabi'u:
Baba, ku yi mini afuwa, amma ina ganin akwai hanyar da ta fi wannan sauri, wadda na sha gani a tasha. Sai ya tayar da motar da batirinta, yana cikin aiki ya cire shi ya ɗora na jel ɗin a gurbinsa, dinamo, wato na'urar da ke cajin batirin mota, ya zuba masa wuta shi kaɗai ba tare da ya raba da kowa ba. Idan ya cika sai ya mayar da na motar.

Baba Usmanu:
Sabi'u ɗana, na san ka gani, ni ma na yi da hannuna a zamanin da motoci ba su da komai a ciki sai fitila da ham. Kada Ɗanjuma ya kuskura. Batir ne ke shanye tashin wutar da dinamo ke yi, to a daidai lokacin da ka zare kan batir inji yana aiki, wutar na iya yin tsalle ta wuce inda aka tsara mata nesa ba kusa ba, ta ƙona abubuwan da ke cikin dinamon kansa ko kwamfutar inji idan motar na da ita. A tasha, idan dinamo ya ƙone, ga shago nan a tsallaken titi. Shi kuwa wannan bawan Allah tsakaninsa da kwalta tafiyar yini ce.

Bashiru Mai Sola:
Ina tare da Baba a kan duk abin da ya faɗa, sai dai ina so Malam Ɗanjuma ya san abin da zai sa rai da shi, don kada ya ƙone gazuwal a banza. Batir irin nasa, idan ya huta babu abin da ke jan wuta daga gare shi, yakan nuna 12.7 ko 12.8 in yana cike, wajen 12.2 in ya kai rabi, idan kuwa ya sauka ƙasa da 11.9 to abin da ya rage kaɗan ne. Saboda haka 11.6 na nufin kusan duk ampiya-awa ɗarin nan sun tafi. Dinamon mota yana riƙe wuta tsakanin bolt 13.8 da 14.4, kuma wannan ratar da ke tsakaninsa da batir ita ce ke tura caji. Da farko batirin zai sha da yawa saboda yunwa, amma yayin da yake cika ratar tana raguwa, shan ma yana raguwa, ta yadda kashi 20 na ƙarshe zai ci sa'o'i masu yawa fiye da duk abin da ya gabace shi. Wanda ya ce zai cika batir taf da injin mota a tsaye, gazuwal ɗinsa zai ƙare kafin batir ya ƙoshi.

Mu yi lissafin firjin. Irin waɗannan ƙananan sukan ja wajen ampiya 4 lokacin da injinsu ke aiki, kuma a zafin watan nan ba zai kasa yin aiki rabin lokaci ba, wato a kwana da yini yana bukatar wajen ampiya-awa 50. Abin da za ka mayar wa batir kullum ke nan, ba ɗari ba. Ina ba da shawarar ka raba shi biyu, awa ɗaya da 'yan mintoci da safe, haka kuma da yamma kafin magariba, domin batir ya fi karɓa da sauri lokacin da yake ƙasa. Kuma ka sa wani yaro ya zauna ya ɗan taka totur, allurar gudun inji ta tsaya wajen 1500, saboda a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, dinamo ba ya ba da duk ƙarfinsa, fankar da ke sanyaya shi ma a hankali take juyawa.

Game da ramin kunna taba, ba laifin motar ba ne. Fis ɗinsa yawanci na ampiya 10 ne ko 15, batir mai yunwa kuwa zai nemi fiye da haka, fis ɗin ya yi aikin da aka sa shi ne. Da bai ƙone ba, wayar da ke bayan dashbod ce za ta ƙone.

Hajiya Hadiza:
Assalamu alaikum. Ni ba ni da ilimin batir, amma na shekara da shekaru ina ɗaukar rigakafin yara zuwa ƙauyukan Gidar, kuma abin da na lura shi ne kowa yana maganar wuta, babu wanda ya tambayi halin da allurar take ciki yanzu. Malam Ɗanjuma, ƙarfe nawa firjin ya mutu, kuma akwai ma'aunin zafi a ciki? Yawancin alluran nan ana son su zauna tsakanin digiri 2 da 8, kuma ka karanta takardar da ke jikin kowane kwali domin ita ce hujja. Kafin wuta ta dawo, kada ka buɗe murfin ko don dubawa, ka kai firjin inuwa mai iska, ka ɗaga shi daga ƙarfen bayan mota, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, amma ka bar ramukan da injinsa ke shan iska a buɗe. Idan wuta ta dawo kuma, ka cika duk wurin da babu komai da gorunan ruwa, domin ruwan da ya yi sanyi zai riƙe maka sanyin na sa'o'i bayan an kashe. Abu ɗaya da nake jin tsoro shi ne ka ce za ka murɗa shi zuwa ƙarshen sanyi don ka tara na dare, ka daskarar da allurar. Wasu alluran, musamman masu ruwa a kwalba, ƙanƙara tana lalata su kamar yadda zafi ke yi, kuma ba za ka gane da ido ba.

Malam Ɗanjuma:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Hajiya, akwai ma'auni a ciki mai nunawa ta waje, da asuba yana kan 6, yanzu yana kan 9, ban buɗe ba. Da na tashi tsakar dare na ji injinsa yana aiki, ke nan bai daɗe da mutuwa ba kafin in gani. Zan sauka in yi yadda Baba ya tsara, in dawo da labari, tsakanin tudun nan da rugar tafiyar minti ashirin ce a ƙafa.

Alhaji Garba Direba:
Kafin ka sauka, ƙanena, ga wata 'yar magana da ban ga an taɓo ba. Ka duba ƙarƙashin motar inda za ka tsayar da ita. A wannan lokaci ciyawar daji ta bushe ƙayau, salansa kuma idan inji ya yi awa guda yana aiki tana iya tayar da wuta, ga iska, ga bukkokin mutane, ga shanu. Ka share wurin har ƙasa ta fito, ka buɗe bonet, ka riƙa leƙa allurar zafin inji. Kada kowa ya kwanta a inuwar motar ta wajen salansa, hayaƙin nan yana kashe mutum yana barci.

Sai kuma wannan, don amfanin duk mai karantawa. Idan babbar mota ta biyo ka roƙi direba ya taimaka maka da caji, ka sani mu manyan motoci da bolt 24 muke aiki, batir biyu ne aka jera ɗaya yana bin ɗaya. Ni ganau ne ba jiyau ba: wata shekara tsakanin Mora da Waza wani yaron mota ya ce zai taimaki mai ƙaramar mota, ya maƙala wayoyin a ƙarshen jerin biyu, batirin mutumin ya tafasa ya fashe, ruwan ya watsu a rigar yaron har ta zama tsumma, Allah ne ya tsare idonsa. Har wasu tsofaffin Land Cruiser masu batir biyu haka suke, wasu 24 ne, wasu 12. Ganin batir biyu ba ya gaya maka komai, mita ce ke faɗa.

Malam Ɗanjuma:
Na dawo. Na share wuri kamar yadda Alhaji ya ce, na jona bisa tsarin Baba, ɗan Arɗo ya zauna a kan totur yana ta murna kamar an ba shi motar. A kan batirin mota mita tana nuna 14.1, amma a kan na jel tana nuna 13.1 kacal, kuma bayan minti goma wayoyin sun yi ɗumi sosai, musamman bakin jar wayar, wanda ban iya riƙe shi da yatsa ba. Na tsorata na cire. Ina bolt ɗaya ya tafi, kuma in ci gaba ko in dakata?

Baba Usmanu:
Ka yi daidai da ka cire. Bolt ɗayan nan a cikin wayoyinka ya tsaya, shi ne ya zama zafin da ka ji. Na san irinsu, ana sayar da su a kasuwa da kauri kamar igiyar ɗaure sa, amma idan ka yanka za ka tarar roba ce ta cika su, 'yan silin ƙarfen da ke tsakiya ba su fi na wayar rediyo ba, wani lokaci ma ba tagulla ba ce, sanholo ne aka shafa masa launi. Amma tunda baki ɗaya ne ya fi zafi, matsalar ta fi yawa a wurin maƙalawa. Ka kankare kan batirin da wuƙa har ya yi ƙyalli, ka kankare haƙoran bakin, sa'an nan ka duba inda wayar ta shiga cikin bakin, galibi a nan take sakwarkwacewa, ka matse da filaya. Idan wayar ta yi tsawo ka warware ta, kada ka bar ta a naɗe.

Bashiru Mai Sola:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ku ba ni dama in ɗan saɓa muku a wuri ɗaya. Ya gyara bakin da ke zafi, wannan dole ne, sai dai kada ya damu da neman kawar da ratar nan gaba ɗaya a yau. Batirin jel ba ya son a ɗura masa wuta da ƙarfi, masu ƙera shi sukan ce kada cajin ya wuce wajen kashi 20 cikin ɗari na girmansa, wato ampiya 20 ga mai ɗari, kuma ba a buɗe shi a ƙara masa ruwa idan ya bushe. Da a ce wayoyin nan na ƙwarai ne, batir mai yunwa haka zai iya jan abin da ya ninka wannan a mintocin farko. Ke nan raunin wayar ya zame masa birki. Abin da za ka sa ido a kai, Malam Ɗanjuma, shi ne lambar da ke kan batirin jel: za ka ga tana hawa a hankali, 13.3, 13.5, har ta doshi 13.9, kuma yayin da take matsowa kusa da ta mota, shan ya ragu ke nan, lokacin kashe inji ya yi. Ka riƙa ɗora tafin hannu a jikin batirin, idan ya yi zafin da ya fi na jikin mutum sosai, ko ka ga gefensa yana kumbura, ko ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ka cire nan take. Kuma kada lambar da za ka gani da zarar ka cire ta ruɗe ka, za ta nuna sama da gaskiya, sai ya huta aƙalla rabin awa.

Ga wata dabara kuma. Ramin kunna taba bai iya cajin batir ba, amma ampiya 4 ko 5 na firji ba komai ba ne a wurinsa. Idan ka sauya fis ɗin, duk lokacin da inji ke aiki, ko a tsaye ko kana tafiya tsakanin rugage, ka sa firjin a can, ya yi sanyinsa da wutar mota, batirin jel kuma ya huta.

Malam Ɗanjuma:
Ba ni da fis na ajiya. Wani dattijo a nan ya ce in naɗe ƙonannen da takardar azurfa ta kwalin taba, wai haka masu babura suke yi.

Baba Usmanu:
Ka gode wa dattijo, amma kada ka yi. Ka buɗe akwatin fis, a bayan murfinsa akwai zane, sau da yawa ma akwai na ajiya a maƙale a gefe waɗanda masu mota ba su san da su ba. In babu, ka ari na wani abin da ba ka bukata a daji, matuƙar lambar da ke kansa daidai take da ta wanda ya ƙone. Kada ka sa mai lamba sama da shi, kuma kada ka taɓa na inji ko na fitilun gaba.

Mahamat Sale:
Gaisuwa daga Injamena. Na bi muhawarar tun farko, kuma ina so in ja hankalin masu karatu cewa wannan shawarar ta dace da Malam Ɗanjuma ne saboda batirinsa na darma ne, ko da an kira shi jel. Yanzu batiran litiyom sun shigo kasuwanninmu, mutane suna saye saboda rashin nauyi da daɗewa, kuma wanda ya yi musu irin wannan jonin da waya mai kauri zai iya yin kuka. Ni na yi. A hanyar Mongo na jona nawa kai tsaye da mota tana silo, cikin zafin watan Afrilu, bayan kamar minti arba'in na ji ƙaurin ƙonewa, fitilar batir ta kama a dashbod, dinamo ya tafi. Litiyom ba ya rage sha a hankali kamar na darma, yana karɓar duk abin da aka ba shi har ya kusa cika, dinamo kuwa ba a yi shi don ya yi ta ba da ƙarshen ƙarfinsa na tsawon lokaci a silo ba. Ban da haka, yawancinsu an rubuta kada a caja su idan zafi ya wuce digiri 45, mu kuwa bayan mota a rana tsaka yana wuce haka ba tare da wahala ba.

Sabi'u:
To Yaya Mahamat, ashe ke nan mai litiyom ba shi da mafita idan solarsa ta lalace a daji? Kuma me zai hana a sa inbata a batirin mota, a samu wuta 220 irin ta gida, a jona cajar batir ta yau da kullum?

Mahamat Sale:
Yana da mafita, Sabi'u, har guda biyu, kuma ta biyun ita ce wadda ka faɗa. Ta farko wata 'yar na'ura ce da ake sawa tsakanin batiran biyu, tana karɓar wutar mota tana ba batiri na biyu adadin da aka ƙayyade, misali ampiya 20 ko 30, ba ta wucewa ko yaya yunwarsa take. Ita ce kuma maganin sababbin motocin da kwamfuta ke sarrafa dinamonsu, waɗanda ke sauke wuta ƙasa da bolt 13 idan batirinsu ya cika, ta yadda jonin kai tsaye ba ya cajin komai. Hanyar inbata tana aiki, kuma cajar ce ke ƙayyade abin da za a sha, sai dai ana asarar wani kaso a juyawa biyun, daga 12 zuwa 220 sannan a dawo 12. Sharaɗinta shi ne a maƙala inbatar a kan batirin mota kai tsaye da gajeriyar waya mai kauri, inji yana aiki, kuma cajar ta zama wadda ta dace da irin batirin.

Baba Usmanu:
Duk na ji, kuma ban musa ba, amma ku 'yan zamani kuna son na'ura a kan na'ura. Ga mai tsohuwar Hilux da batirin darma, abin da nake sa wa mutane shekara da shekaru bai wuce rile guda ba, wanda ke haɗa batiran idan inji ya tashi ya raba su idan ya mutu, da waya mai lamba 16 (lambar kaurin ƙarfen cikinta ke nan) daga gaba zuwa baya, da fis a kowane ƙarshe dab da batir. Da Ɗanjuma yana da wannan, tafiyar da yake yi daga ruga zuwa ruga ma ta ishe shi, bijimin nan da bai tayar masa da hankali ba.

Bashiru Mai Sola:
A kan wannan motar ban ja da ku ba, Baba, kuma batun kaurin wayar shi ne wanda mutane suka fi yi wa rowa. Daga bonet zuwa bayan Hilux mita 5 ne a ƙalla, zuwa da dawowa 10. Idan aka sa wayar gida mai lamba 2.5 aka tura ampiya 20, bolt 1.4 ne zai narke a hanya, batir zai daɗe ƙwarai bai cika ba. Da mai lamba 16 asarar ba ta kai rubu'in bolt ba. Fis biyun da kuka ambata ma ba ado ba ne, domin wayar tana da batir a kowane ƙarshe, idan ta goge a jikin shasi wuta za ta zo mata ta fuska biyu.

Malam Ɗanjuma:
Jama'a, yau kwana biyu ke nan, sai yanzu na sake samun layi. Na kankare kawunan, na matse bakin jar wayar wadda ashe sili uku ne kawai ke riƙe da ita, zafin ya ragu ƙwarai. Na samu fis biyu na ajiya a cikin akwatin, shekara bakwai ina tuƙa motar nan ban san suna wurin ba. Caji na farko na yi awa ɗaya da kwata, lambar ta hau daga 13.3 zuwa 13.8, bayan ya huta ya zauna a 12.1. Da yamma na ƙara awa ɗaya ya kai 12.3, da asuba na same shi a 11.9, firji bai mutu ba. Haka nake yi safe da yamma, a kan hanya kuma firji yana ramin taba. Ma'aunin bai sake wuce 7 ba, kuma mafi girman abin da ya kai ranar farko 10 ne, na ɗan lokaci. Jarkar gazuwal ban ma buɗe ta ba tukuna. Saura ruga ɗaya, gobe in Allah ya yarda zan kama hanyar Gijiba.

Hajiya Hadiza:
Alhamdu lillahi. Amma ka rubuta a littafinka ranar da ma'aunin ya kai 10 da tsawon lokacin da ya ɗauka, da lambobin kwalayen da ke ciki, da rugagen da aka yi wa allura daga cikinsu, ka nuna wa likitan dabbobin da kake aiki a ƙarƙashinsa idan ka isa. Shi ne zai ce ko ragowar ta ci gaba da amfani, ko kuma akwai garken da ya kamata a koma masa.

Bashiru Mai Sola:
Madalla. Ka sani dai batirin ya kwana uku yana yawo tsakanin rabi da ƙasa, kuma batirin darma idan ya daɗe a haka wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantansa, wanda in ya yi tauri ba ya narkewa, ƙarfin batir ya ragu ke nan har abada. Ranar da ka isa Garwa, kada ka jefa shi a zaure ka ce sai an huta, ka sa shi a caja mai tsarin jel ya kwana ya yini har ta nuna ya cika. Idan unguwarku tana cikin rabon wuta a wannan bazarar, ka kai shi inda ke da sola.

Baba Usmanu:
Ka kawo shi garejina, akwai caja, in kuma kana so mu ja maka wayar nan da rile ranar Asabar, ka zo da sassafe kafin motocin kasuwa su cika wurin. Ka taho da fasasshen farantin ma kada ka bar shi a daji, firam ɗinsa da wayar bayansa suna da amfani. Wayoyin tayar da motar nan kuwa ka zo da su in yanka ɗaya a gaban Sabi'u ya ga abin da ke ciki.